Rubutun baƙin allon Linux ya yi dara-dara: ta ina ake kama gyaran?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Tun daren jiya na ga saƙonka, sai na bari sai da na rufe shago na samu zama, don amsar ba ta tsaye ba ce.

Ka ce ka sayi kwamfutar tebur ta hannu a Harajin Sawarikh nan Jidda, ka kai ta ofishin da kake aiki a Makka, ka ɗora mata Debian, wani nau'in Linux, tsurarsa, ba tagogi ba linzami, don ta riƙe muku takardun masu Umara. Ranar ɗorawa allo ya yi baƙi ƙirin, wani ya ce ka ƙara `nomodeset`, ka ƙara, ta tashi. Yanzu ga shasha, wato allon kwamfutar, mai inci 24 wadda ke ɗaukar 1920x1080, amma haruffa dara-dara, a baje, sun yi hazo-hazo, umarni ɗaya sai ya karye gida biyu. Ka tsinci `vga=795` a intanet ka saka, ba abin da ya motsa sai wani gargaɗi da GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, ke yi kafin ta tashi. Kana tambaya wace lamba ce daidai.

Babu ita. Ko ka kwana kana gwada lambobi, an bar jaki ne ana dukan taiki. A kwamfutar da aka ƙera cikin shekaru goma sha biyar ɗin nan, baƙin allon Linux, wato allon rubutu zalla da ake buga umarni a kai, da kansa yake hawa cikakken ƙarfin shasha, ba sai an roƙe shi ba. In ka ga bai hau ba, wani abu ne ya tare masa hanya, kuma a naka lamarin da hannunka ka sa abin, wato `nomodeset` ɗin nan. Ba laifinka ba ne, kusan kowa ya taɓa yi. Amma kafin ka je ka goge shi, ka tsaya ka gane abin da yake hanawa, don mutuwar allon da ta sa ka saka shi tun farko tana nan tana jiranka.

Daga danna maɓalli zuwa fitowar wurin rubuta sunanka, hannu uku ne ke karɓar shasha ɗaya bayan ɗaya. Na farko manhajar da ke cikin uwar allon na'urar, BIOS a tsofaffi, UEFI a sababbi. Na biyu GRUB, mai nuna maka jerin abin da za ka tayar. Na uku kanel, wato zuciyar Linux, da direba, manhajar da ke sarrafa katin hoto, katin da mutanen nan ke kira kart shasha. Kowannensu da iyakar abin da ya sani game da katin. Wanda ya riƙe shashar a ƙarshe shi ke yanke yawan ɗigon da za ka gani. Duk gyaran da za ka yi, sai ka fara sanin wa ke riƙe da ita, don umarnin da ke aiki a hannun wannan ba ya aiki a hannun wancan.

Asali, baƙin allo ba ya zana komai. Tun da IBM ta fito da VGA a 1987, katin ne ke da rumbun haruffansa. Kwamfuta takan ce masa kawai, a gurbi kaza sa harafi kaza da launi kaza, shi kuma ya zana. Gurabe 80 a kwance, layi 25 a tsaye, ɗigo 720 sau 400. Abu ne mai sauri ƙwarai, amma ba ka da ta cewa a kan kyansa. Daga baya ƙungiyar VESA ta shimfiɗa ƙa'idar da ake kira VBE, wadda ke ba da damar a nemi BIOS ɗin katin ya buɗe fili mai faɗi na ɗigo zalla, Linux ta riƙa zana haruffanta da kanta a kai. A nan lambobin `vga=` suka samo asali. Lambar VESA ce ake ƙara wa 512. Shi ya sa 788 ke nufin 800x600, 791 ke nufin 1024x768, 794 da 795 kuma 1280x1024, bambancinsu zurfin launi ne. Mu da muka fara da LILO, wanda GRUB ya gada, mun haddace su kamar lambar wayar gida.

Dubi jerin nan da kyau, za ka ga babu ko ɗaya mai fasalin shashar yau. Dukkansu na zamanin talabijin mai ƙeya ne, huɗu bisa uku, sai 1280x1024 da ke biyar bisa huɗu. Shashar da ke gabanka goma sha shida bisa tara ce. Ko da 795 ɗin ta kama, hoton da ya kusa zama murabba'i za a ja shi ya cika allo mai faɗi, sifili ya koma ƙwai. Sannan shashar LCD ɗigonta a ƙirge suke, taka tana da 2,073,600, ba sa ƙaruwa ba sa raguwa. In aka aiko mata 1024x768, wato ɗigo 786,432, dole ta shafa kowane ɗaya a kan biyu da wani abu, shi ne hazon da kake gani a bakin haruffa. Ƙari a kan haka, `vga=` da BIOS yake magana. In na'urarka ta UEFI ta tashi, babu wanda zai amsa masa. GRUB 2 ma ya daɗe da ajiye shi, gargaɗin da kake gani cewa yake ka koma ga `gfxpayload`. Cire shi kawai.

Abin da ya sauya komai shi ne KMS, wanda ya shiga kanel 2.6.29 a 2009, ya fara da katunan Intel, sannan na AMD da direban nouveau na katunan NVIDIA suka biyo baya. Ma'anarsa kanel ya daina roƙon BIOS. Direba ne ke tambayar shasha kai tsaye, ke wace ce, ɗigo nawa kike ɗauka, sau nawa a daƙiƙa, sannan ya saita katin daidai da amsarta. Shi kuwa `nomodeset` cewa yake da kanel kada ka bar direbobin nan su taɓa shasha, a zauna a kan abin da GRUB ya bari. GRUB kuma sau da yawa abin da ya bari 1024x768 ne ko 800x600. Ka ga inda gizo ke saƙar.

To yanzu je ka zauna gaban na'urar, ka tambaye ta abu huɗu kafin ka taɓa kowane fayil.

`cat /proc/cmdline`

`cat /proc/fb`

`cat /sys/class/graphics/fb0/virtual_size`

`lspci -k | grep -A3 -i vga`

Na farko zai nuna maka ainihin abin da kanel ya tashi da shi, ba abin da kake zaton ka rubuta ba. Na sha ganin mutum ya gyara `/etc/default/grub` ya manta bai kira `update-grub` ba, ya yi ta rantsuwa ya cire abu alhali yana nan. Na biyu shi ne mai faɗin wa ke riƙe da shasha. In ka ga `EFI VGA` ko `VESA VGA` ko `simpledrmdrmfb`, to har yanzu a hannun aro kake, fili ne kawai da aka gada daga UEFI ko BIOS, ba mai iya sauya girmansa. In ka ga suna irin `i915drmfb` ko `radeondrmfb` ko `amdgpudrmfb`, direban gaske ya karɓa. In ba komai ya fito ba, kana cikin tsohon yanayin 80 sau 25 ne. Na uku lambobi biyu ne, faɗi da tsayi. Na huɗu zai ba ka sunan katin da direban da ke kansa. In kana so ka san ko ta UEFI ta tashi, duba ko akwai `/sys/firmware/efi`, in akwai to ita ce.

Gwajin cire `nomodeset` kada ka yi shi a cikin fayil. Sake kunna na'urar, da jerin GRUB ya fito ka danna `e`, ka gangara layin da ya fara da `linux`, ka goge `nomodeset` da `vga=795`, ka goge `quiet` ma don ka ga saƙonnin da ke wucewa, sannan Ctrl da X. Wannan gyara na tashi ɗaya ne. In allo ya mutu, kashe ka kunna, komai ya koma yadda yake. Kuma kafin wannan, don Allah ka tabbata SSH, hanyar shiga na'ura daga nesa, na aiki kuma ka rubuta adireshin na'urar a takarda. Allo ya yi baƙi ba ya nufin kwamfuta ta mutu. Galibi tana nan da ranta, kana iya shiga daga wata kwamfutar ko daga wayarka ka karanta `dmesg` ka ga inda direba ya yi tuntuɓe.

Sau da yawa da ka cire shi za ka ga abin da muke so: rubutu ya fara da girma, can tsakiyar tashi allo ya ƙifta sau ɗaya, ya dawo da haruffa ƙanana masu kaifi. Ƙiftawar nan ita ce miƙa shasha daga hannun aro zuwa hannun direba. In haka ta faru, buɗe `/etc/default/grub`, cire kalmomin biyu daga layin `GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT`, kira `update-grub`, ka gama da wannan ɓangaren.

In kuwa allon ya sake mutuwa, abin da na fi zargi a Debian shi ne rashin ƙananan fayilolin da katin ke buƙata a loda masa kafin ya yi aiki. Katunan AMD musamman, ba sa tashi yadda ya kamata sai da kunshin `firmware-amd-graphics`. Kafin Debian 12, wanda ya fito a Yunin 2023, faifan ɗorawa na hukuma ba ya zuwa da irin waɗannan fayiloli, don haka in tsohon filashi wani ya ara maka, ga dalilinka nan. Rubuta `dmesg | grep -i firmware`, in ka ga yana kukan ya nemi fayil bai samu ba, sunan fayil ɗin zai kai ka ga kunshin. In katin NVIDIA ne kuma ka sa direban kamfanin, labarinsa daban ne. Shekaru da yawa wannan direba ba ya kula baƙin allo sam, sai a kan abin da UEFI ya bari ake zama. Yanzu ana ƙara `nvidia-drm.modeset=1`, daga direba na 545 zuwa sama kuma akwai `nvidia-drm.fbdev=1`. Amma ni a ganina, na'urar da aikinta riƙe takardu ne ba ta da abin yi da katin wasanni. In uwar allon tana da ramin shasha nata, zare katin, ka rage zafi da cin wuta, ka huta da direbansa. Ɗakin da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke mutuwa rabin yini a zafin Makka ba ya son ƙarin murhu.

Akwai kuma hali na uku, shi ne ya fi cin rai, don komai zai nuna lafiya lau. Direba ya karɓa, `/proc/fb` ya nuna sunansa, amma girman ya kafe a 1024x768. A nan ba kwamfutar ba ce, maganar da ke tsakaninta da shasha ce ta yanke. Kowace shasha tana ɗauke da ɗan bayanin kanta da ake kira EDID, tubalinsa na farko bayit 128 ne, ciki har da sunanta da girman da ta fi so. In direba ya tambaya bai ji amsa ba, sai ya ɗauki matakin kare kai, ya tsaya a 1024x768 don kusan kowace shasha na iya nuna shi.

Na taɓa shan wannan a wani ofishin jigilar kaya nan Jidda. Daga la'asar har aka kira isha'i ina kan na'ura ɗaya, na sauya kanel, na sauya direba, na zargi katin, na zargi wanda ya sayar da shi. Mai shayin ofishin ya kawo mini kofi na uku yana kallona da tausayi. Sai da na sunkuya ƙarƙashin tebur zan zare waya in tafi da na'urar shago, na haska bakin wayar VGA ɗin da fitilar wayata. Shuɗin kai ne irin na kowa, layi uku na ƙananan filoli, amma a layin ƙasa na ƙarshe ya lanƙwashe ya kwanta a jikin ƙarfen, kamar haƙorin da aka buge. Fil na 15 ke nan. Shi da na 12 su ne ke ɗaukar maganar EDID. Launuka ta wasu filolin suke bi, shi ya sa hoto ke fitowa lafiya, ba wanda zai zargi waya. Na aika yaro ya ciro wata daga bayan wata kwamfutar, muka kunna, sai ga 1920x1080. Tun ranar, waya nake fara dubawa. In ka ga gurbin fil na 9 babu komai kada ka damu, wayoyi da yawa haka aka yi su.

Ba sai ka shiga ƙarƙashin tebur ba ma. Rubuta `ls /sys/class/drm` za ka ga sunayen ramukan katinka, irin `card0-VGA-1`, `card0-HDMI-A-1`, `card0-DP-1`. A sababbin kanel yana iya zama `card1`, kada ya ruɗe ka. Cikin kowane akwai `status` mai cewa an haɗa ko ba a haɗa ba, da `modes` mai jera girman da ake iya samu, da `edid`. Gwada `wc -c < /sys/class/drm/card0-VGA-1/edid`. In ya ce 128 ko 256, shasha na magana. In ya ce 0 alhali waya na haɗe, to ko wayar ce, ko wani abu da ke tsakani. 'Yan akwatunan nan masu arha da ake raba shasha ɗaya tsakanin kwamfuta biyu, da masu juya HDMI zuwa VGA, da doguwar wayar ƙari, duk suna iya haɗiye EDID. In na'urar da shashar duk suna da HDMI ko DisplayPort, ka yar da VGA ɗin gaba ɗaya.

In ba yadda za a yi a sauya waya, sai a gaya wa kanel da baki abin da shasha ta kasa faɗa masa. A layin nan na GRUB ka ƙara:

`video=VGA-1:1920x1080@60`

Sunan ramin shi ne wanda ka gani a `/sys/class/drm`, ba tare da `card0-` ba. Wannan `video=` shi ne magajin `vga=` na gaskiya, don da direban KMS yake magana. In ka ƙara harafin `e` a ƙarshe, ka tilasta ramin ya buɗe ko da direba na ganin ba a haɗa komai ba. Harafin `d` kuma kashewa yake yi, kuma yana da ranarsa. Baƙin allo hoto ɗaya yake aikawa duk shashar da ke haɗe, don haka yakan zaɓi girman da ƙaramar cikinsu za ta ɗauka. Wanda ya haɗa laftof mai 1366x768 da babbar shasha zai ga rubutu ya taru a kusurwar sama ta hagu, sauran fili ba komai. Sai a kashe ta laftof ɗin da `video=eDP-1:d`, ko `LVDS-1` in tsohuwa ce. Wasu kwamfutocin tebur ma sukan yi ƙaryar suna da shasha ta biyu da babu ita, maganin ɗaya ne. Shi kuwa `fbset` da za ka ga ana ambata a tsofaffin bayanai, yi amfani da `fbset -i` don karanta bayani kawai. A ƙarƙashin KMS ba ya sauya girman gaske, sai dai ya rage filin da ake rubutu a ciki.

Sai in duk wannan ya faskara, katin ba shi da direban da ke aiki, sannan ake komawa wa GRUB a ce ya bar mana gado mai kyau. A jerin GRUB danna `c`, rubuta `videoinfo`, zai jero girman da BIOS ko UEFI ke iya bayarwa. Abin da ke jerin kaɗai za ka samu. In 1920x1080 na ciki, sa `GRUB_GFXMODE=1920x1080` da `GRUB_GFXPAYLOAD_LINUX=keep` a `/etc/default/grub`, ka kira `update-grub`. Na farkon girman jerin GRUB ne, na biyun cewa yake a miƙa wa kanel shasha yadda take. Yana aiki, sai dai gungura dogon rubutu zai yi nauyi, kuma shasha ba lallai ta riƙa yin barci yadda ya kamata ba. A manyan sabobi na rak kuwa, katin hotonsu ɗan ƙarami ne da ke tare da na'urar kula daga nesa, galibi Matrox G200 ko ASPEED, direbobinsu `mgag200` da `ast`. Ba don kyau aka yi su ba, in sun ba ka 1280x1024 ka gode Allah ka wuce.

Yanzu ga abin da zan yi rantsuwa za ka dawo mini da shi jibi: rubutu ya yi ƙanana, ba ka gani. Yawan ɗigo daban, girman harafi daban, mutane na cakuɗa su. Harafin da kanel ke tashi da shi galibi ɗigo 8 ne a faɗi, 16 a tsayi. A 1024x768 yana ba ka gurabe 128 da layi 48. A 1920x1080 ya zama 240 da layi 67. A shasha mai 3840x2160 kuwa 480 ne da layi 135, kamar sahun tururuwa. `stty size` zai faɗa maka naka. Kuskuren da ake yi shi ne a rage ɗigon shasha don harafi ya girma, a koma gidan jiya, hazo ya dawo. A bar shasha a kan cikakken ƙarfinta, a sauya harafin. A Debian:

`dpkg-reconfigure console-setup`

Bar shi a UTF-8, da ka iso zaɓen zubin haruffa ɗauki Terminus, sannan girma. Mai 16x32 a shasharka zai ba ka gurabe 120 da layi 33, gwara-gwara, ana karantawa daga bakin ƙofa. Ni a inci 24 na fi son 12x24, gurabe 160 da layi 45, don fitar `ps` da `journalctl` ba sa karyewa, amma idona da naka ba ɗaya ba ne, ni da tabarau nake aiki. Abin da ka zaɓa yana zama a `/etc/default/console-setup`. Masu Fedora da Arch nasu a `/etc/vconsole.conf` yake. In kana son gwadawa nan take ba tare da ajiyewa ba, `setfont` ne, fayilolin suna `/usr/share/consolefonts`.

Tunda takardun masu Umara za ku ajiye, na san sunayen fayiloli da yawa da Larabci za su zo, gara in gaya maka tun yanzu kada ka ɗora wa ɗigo laifi. Baƙin allon Linux ba ya ɗaukar fiye da siffa 512 a zubin haruffa ɗaya, kuma bai san rubutu daga dama zuwa hagu ba, bai san haɗa harafi da ɗan'uwansa ba. Ko ka loda zubin da ke da Larabci, kalma za ta fito a wargaje, kowane harafi shi kaɗai, kuma a juye. Ba girman shasha ke gyara wannan ba. Mutanen Arabeyes sun taɓa yin wata 'yar manhaja mai suna BiCon saboda wannan matsalar, akwai kuma mlterm da ya iya Larabci, amma mafi sauƙi ka shiga ta SSH daga kwamfutar da tagar umarninta ta iya Larabci. Haruffanmu masu lanƙwasa ma, ɓ da ɗ da ƙ, ba kowane zubi ke da su ba. Rubuta su a fayil ka buɗe da `cat` bayan ka zaɓi zubi. In ka ga ɗan akwati ko alamar tambaya a gurbinsu, fayil ɗinka lafiyarsa ƙalau, zubin ne bai san su ba.

Wani abin da zai ba ka mamaki, Shift da PageUp ba sa komar da kai baya kamar da. An cire wannan daga kanel 5.9 a 2020. Ka saba da `less`, ko ka zauna cikin manhajar `tmux`, wanda da layi 45 da gurabe 160 zai bar ka ka raba allo biyu, aiki a hagu, `dmesg` a dama. A nan ne ma za ka ji daɗin wahalar da ka sha.

Hoto kuma, tunda yanzu fili ne na ɗigo ba gurabun haruffa ba, ana iya nuna shi ba tare da an ɗora tagogi ba. Kunshin `fbi` yana buɗe hoton fasfo ko biza da aka yi wa sikanin, `fbgs` da ke tare da shi yana buɗe PDF, `mpv --vo=drm` kuma har bidiyo yake kunnawa. Sai dai mai amfani ya kasance cikin rukunin `video`, kuma a gaban na'urar yake zaune, ba ta SSH ba. In kana son gani da idonka cewa shasha fayil ce kawai, rubuta `cat /dev/urandom > /dev/fb0` a matsayin root, mai cikakken iko a na'urar. Allo zai cika da yayyafin launuka kamar talabijin da eriyarsa ta faɗi, ya tsaya da ƙorafin wuri ya ƙare bayan ya zuba wajen bayit miliyan takwas, wato 1920 sau 1080 sau huɗu. `clear` zai share. Kada dai ka yi shi gaban mai ofishin, zai ce ka ƙona masa na'ura.

Ka bari sai bayan an tashi daga aiki, ko ranar Juma'a da ba kowa, kada ka taɓa GRUB ana tsakiyar shigar da sunayen ayari. In ka cire `nomodeset` allon ya sake mutuwa, shiga ta SSH ka turo mini abin da umarni huɗun nan suka fitar, da layukan `dmesg` masu ɗauke da `drm` ko `firmware`, da hoton bakin wayar da ke bayan shashar, a kusa yadda zan iya ƙirga filolin. A gaida mutanen Makka.